Zuwa ga Bazazzagin da ya yi wa kowace jimla ganuwa

Bawana ɗan Zazzau, ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida kan yi wa baransa ranar da ya yi abin kirki rabi da rabi. Yaya uwargida da yara? Yaya sauran Zage-zagin da suka rage a gari, waɗanda ba su samu kuɗin motar tahowa Kano cin arziki ba?

Littafin lissafin da ka rubuta wa 'yan sakandare da Hausa ya iso maɗaba'armu. Tunda a bainar jama'a ka yi ta cika baki da shi, a bainar jama'a zan ba ka amsa. Bayanin da ke ciki ba laifi, har na yi mamakin yadda mutumin da ya tashi da Zazzaganci a baki ya iya fayyace alwatika ba tare da ya sa yaro kuka ba. Adon ne ya hana ni barci. Malam, me rubutu ya yi maka da zafi haka da ka bi shi ka kulle?

Bari in faɗa wa masu karatu abin da na gani a shafi guda, don kada a ce sharrin Bakano ne. A sama akwai ma'anar kalma a cikin shuɗin akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi. Ƙarƙashinsa ƙa'ida ce a cikin jan akwati, an yi masa inuwa ta dama da ta ƙasa. Sai misali a cikin kore mai layi biyu. A cikin koren akwai wani ƙarami da ya ɗauki hanyar warware lissafin, a cikin ƙaramin kuma ga wani ɗan mitsitsi ya rungume amsa, wato lamba 5, ita kaɗai tana zaune a tsare. Daga gefe ga wani rawaya, an rubuta masa "Lura" a kan ɗan allon da ya leƙo saman layi. Lambar shafi ma ba ta tsira ba, an zagaye ta da zobe mai ganyaye. Jimloli biyu kacal na samu suna yawo a fili babu mai gadi, su ma ina jin mantuwa ka yi. Yaron da ke kula mini da injin yanka ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Maigida, wannan littafi ne ko lefe?" Ya kuwa yi gaskiya, don a saitin akwatunan lefe kaɗai na san babba na haɗiye ƙarami, ƙarami ya haɗiye kit.

Ban ga laifinka can-can ba, gado ne. Da bakinku kuke ba mu labarin cewa Sarauniya Amina duk inda ta ya da zango sai ta sa an zagaye wurin da ganuwa, shi ya sa har gobe ake cewa ganuwar Amina. Jikokinta kuma ba sa iya ganin bango fili su wuce shi. Duk wanda ya zaga cikin birnin Zariya ya ga fuskar tsofaffin gidaje ya san haka: dagi a kan dagi, har keke sai da aka zana a bango. Na san za ka ce mu ma muna da badala. Muna da ita, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara gina ta, amma guda ɗaya muka yi wa gari, muka huda mata ƙofofi ana shige da fice da kaya. Ba mu bi kowace rumfa a Kasuwar Kurmi mun yi mata tata ba.

Da na kira ka a waya sai ka gyara murya, ka ce ai wannan ba aikin CorelDRAW ba ne irin na masu buga katin biki, da LaTeX ka tsara shi, manhajar da manyan masana lissafi na duniya ke rubutu da ita. Har da jan sunan, wai don in ji tsoro. To gyara zama in karanta maka tarihin kayan da kake taƙama da su, domin mu a Kano ba ma sayen haja sai mun san daga inda ta fito.

Donald Knuth, malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, shi ya ƙirƙiro TeX. A 1977 aka kawo masa gwajin sabon bugun juzu'i na biyu na littafinsa kan shirya manhajar kwamfuta, ya ga munin abin da sababbin injuna suka fitar, ransa ya ɓaci, ya ce shi zai gyara lamarin da kansa. Ya ɗauka aikin 'yan watanni ne, sai ga shi ya ci masa kusan shekara goma. Daga baya Leslie Lamport ya ɗora LaTeX a kai don talaka irinka ya iya taɓawa. Ga kuma abin da zai ba ka haushi: a wurin TeX komai akwati ne. Kowane harafi akwati ne mai faɗi da tsawo da zurfi. A jera haruffa su zama akwatin layi, a jera layuka su zama akwatin shafi, a tsakaninsu kuma akwai abin da Knuth ya kira gam, mai miƙewa da tsukewa don layi ya cika daidai. Dubban akwatuna ne a kowane shafi, amma bawan Allahn nan bai bar ko ɗaya ya fito ido ya gan shi ba. Ya sha duk wannan wahala ne don mai karatu ya manta cewa akwai wanda ya jera rubutun. Kai kuma ka zo daga Zazzau da gwangwanin fenti.

Akwatin da LaTeX ya zo da shi tun asali na marasa ƙarfi ne, umarnin \fbox: siririn layi mai kaurin ɗigo 0.4, da tazarar ɗigo 3 tsakaninsa da rubutu, alhali sai an tara ɗigo 72.27 kafin a cika inci guda. Ba launi, ba inuwa, kuma ba ya yarda a raba shi. Waɗanda abin bai ishe su ba suka yi ta ƙari. Timothy Van Zandt ya kawo fancybox mai inuwa da zagayayyar kusurwa, Donald Arseneau ya kawo framed mai iya tsallaka shafi, Marco Daniel ya biyo da mdframed, sannan Thomas Sturm, malamin lissafi a jami'ar sojojin Jamus da ke Munich, ya fito da tcolorbox, wanda ka faɗa cikinsa tsundum. Littafin bayanin tcolorbox kaɗai ya haura shafi 500, ya ninka naka littafin. Na kuma gane yadda ka karanta shi: wuraren da ke da hotuna ka bi. Duk abin da Bajamushen nan ya nuna cewa ana iya yi, kai ka ɗauke shi farilla.

Zana akwati a tsakiyar shafi ba wuya, ko yaron shagona zai yi. A gindin shafi ake gane gwani, lokacin da rubutu ya fi wurin da ya rage. Akwatin tcolorbox, in ba a ce masa komai ba, dunƙule yake. In bai samu filin da zai ɗauke shi gaba ɗaya ba, sai ya tattara komatsansa ya koma shafi na gaba. Shi ya sa babinka na uku ke cike da shafukan da rabinsu fari ne fat, wasu kuma na'urar ta ja gam ɗin nan har sakin layi biyu suka yi hannun riga, ɗaya a ƙoli ɗaya a ƙasa, tsakaninsu fili fetal. Da na nuna maka sai ka ce an gama, ka ƙara kalmar breakable, wadda ke ba akwati izinin rabuwa gida biyu. Na wajen ya rabu kuwa. Amma da ka karanta wuraren da babu hoto, da ka ga inda aka ce akwatin da ke cikin wani akwati ba ya bin sahu, a dunƙulensa yake zama. Dogon misalin nan naka na tsani da bango ya zarce gindin shafi, ya take lambar shafin da zoben ganyenta, ya fice daga takarda. Layukan ƙarshe, inda amsar take, sai dai ɗalibi ya nema a kan teburi. Na'urar ta yi ta yi maka kashedi cewa kaya sun fi ƙarfin wurin, ka ce kai ba ka karanta wannan, surutun inji ne. Ko inda rabuwar ta yiwu ma, ka rufe gindin rabin farko ruf da layi, ka buɗe rabi na biyu da sabon kai. Yaro zai ɗauka magana ta ƙare, alhali tsakiyarta yake. Masu hankali a buɗe suke barin gindin, don ido ya san akwai saura.

Sai babbar magana, wadda ta sa na ajiye tabarau na yi dariya har da tari. Ka ɓata lokacinka kana zaɓen launin inuwa, ba ka duba ko haruffan Hausa sun fito ba. Samfurin harafin da LaTeX ke zuwa da shi ba don mu aka zana shi ba: babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ka yi dabara ka koma XeTeX, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004 don ya karɓi haruffan harsunan duniya, amma ka bar tsohon samfurin a wurinsa. XeTeX kuwa in ya nemi harafi ya rasa ba ya tsayawa, wucewa yake yi, ya rubuta ƙorafinsa a rahoton nan da ba ka karantawa. Saboda haka a kan kowane jan akwati, da farin rubutu mai kauri, a wurin da ya fi ko'ina ɗaukar ido, an rubuta "a'ida". Daga ta farko har ta ƙarshe. Maganin kuwa layi ɗaya ne: ka kira Charis SIL ko Gentium, kyauta ake ba da su, kuma duk masu lanƙwasar suna ciki. Tun shekarun 1990 ma wani Bajamushe, Jörg Knappen, ya zana wa TeX haruffan harsunan Afirka. Amma me zan ce wa mutanen da "ya" da "ta" duk ɗaya ne a bakinsu, a ce uwargida ya dawo daga unguwa? Wanda bai tsaya raba mace da namiji ba, ina zai tsaya wa 'yar lanƙwasar kan harafi?

Yanzu mu zo inda nake cin abinci. Allon kwamfuta daban, takarda daban. Launukan nan naka faranti huɗu suke nema, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma a inji mai kai ɗaya irin Kord sai takarda ta bi ta ciki sau huɗu. Siririn koren layinka haɗin shuɗi da rawaya ne. In takarda ta ɗan goce a zagaye na biyu, ba kore za ka gani ba, layi biyu za ka gani, shuɗi a gefe rawaya a gefe. Zanen da ka kai dab da bakin takarda kuma tona asirin mai yanka yake yi: in wuƙa ta karkace da milimita ɗaya, a shafin da ba a kewaye ba babu mai lura, a naka kuwa ko makaho ya shafa zai ji. Kuɗin bugu zai ninka, kuma mu biyu mun san abin da zai biyo baya. Ɗalibi ɗaya zai saya, aji guda ya bi shi wurin mai fotokwafi a bakin makaranta. A can shuɗi da ja da kore duk toka ne. Farin rubutun da ke kan ja zai cushe, rawayan zai fito da ƙyasbi, inuwar ta zama datti. In aka yi kwafin kwafi kuwa sai dai a yi canke. Mai fotokwafin ma sai ya nemi sunan wanda ya cinye masa hoda, don ya san wanda zai ambata in ya idar da salla.

Abin kunyar shi ne daga garin ɗab'i ka fito. A Zariya aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a can kuma kamfanin buga littattafai na NNPC ya zo a 1966. Kafin ka fara hura hanci, Abubakar Imam ɗin da ya riƙe jaridar a Kagara aka haife shi, a Katsina ya yi karatu, aro kuka yi. Amma dai ka tambayi duk wani tsohon mai jera haruffan dalma yadda ake yin akwati a zamaninsu. Sandunan tagulla huɗu zai yanka daidai awo, ya goge bakin kowacce a karkace don kusurwa ta haɗu, ya cike ko'ina da dalmar da ba ta taɓa tawada, sannan ya ɗaure shafin tamau a cikin ƙarfe. In ɗaurin ya yi sako-sako, kusurwa ta buɗe baki, kowa ya gani a jarida. In ado ake so, 'yan furannin dalma ne ake ɗauka ɗaya-ɗaya a jera, irin waɗanda Robert Granjon na Faransa ya yi suna da su tun ƙarni na 16. Edita kan yi tunani sau biyu kafin ya ce a kewaye abu, domin ya san akwai mutum mai gumi a bayan kowace kusurwa, kuma mutumin yana da baki. Sanarwa mai muhimmanci ce ke samun akwati, sai tallar da aka biya. Kai kwamfutarka ba ta gumi, ba ta gunaguni, shi ya sa ba wanda ya taka maka burki.

In kuma na Turawa ne ba ka son ji, shiga cikin birni, tunda kullum kuna mana gorin Zariya birnin ilimi. Ka durƙusa gaban wani alaramma ka roƙe shi ya buɗe maka gafaka, ya kwance tadarishi, ka ga Alƙur'ani rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki. Launukan da ke ciki ba su gaza naka ba. Baƙar tawada ta baƙaƙe ce, ja ta wasulla, ɗigon rawaya na hamza, kore kuma na alifin da ake sadarwa. Ƙarshen aya da alamarsa, aya ta biyar da kumsa, ta goma da kuri. A gefen warƙa ga zanen sumuni, ga na rubu'i, ga na nusufi, ga na izu, har izu sittin, ga kuma na wurin sujada, kowanne da siffar da ba za a rikita shi da ɗan'uwansa ba. Babbar zayyana kuwa, mai cin fili sosai, wadda mai zane ke zuba duk gwanintarsa a kai, ba a ko'ina ake samunta ba. Tana farkon littafi, sai kuma inda aka raba shi huɗu: A'arafi, Maryam, Sad. Shi rubutun kansa galibi a sake yake, babu layin da ya kewaye shi. Gardi na ɗaga warƙa ya san inda yake tun kafin ya karanta kalma, domin duk wani zane da ya gani labari yake ba shi: ka ci sumuni, ka kai izu, nan za ka yi sujada. Mutanen nan da alƙalamin gamba suke aiki, ba su da shafi 500 na bayani, amma babu zane ɗaya da suka yi don kawai hannu na ƙaiƙayi. Allon zayyana ma, wanda ake cika shi da ado har baki, ranar sauka ake fito da shi. Allon karatun kullum rubutawa ake yi a wanke.

To kai a littafinka me jan akwati ke gaya wa yaro? Cewa nan akwai muhimmin abu. Shuɗin fa? Shi ma haka. Koren da rawayan duk haka. Daren jarrabawa yaro zai buɗe littafi yana neman ƙa'idojin da zai haddace, ya tarar kowa a shafin ihu yake yi, ya rasa wa zai saurara.

Na san makamin da ka tanada. Za ka ce Bakano ne zai yi wa wani wa'azin ado, mu da katin bikinmu ke ɗauke da zinare a kusurwa huɗu, da fure, da zobe biyu a sarƙe, da kalandar 'yan siyasa mai hoto a cikin hoto? Na ji. Da hannuna nake buga su, kuma gobe ma zan buga. Sai dai katin biki magana ɗaya yake ɗauke da ita, wane zai auri wance ranar kaza a wuri kaza, a karanta sau ɗaya a yi fifita da shi a wurin ɗaurin aure. Ba wanda zai zauna da shi zango uku yana neman darajar x. Ban da haka, kowane fure kuɗinsa muke caja. Mu in mun yi ɓarna riba muke ci, ku kuwa kyauta kuke yin taku, har da rashin barci.

Ga sharaɗina in kana so injina ya taɓa aikin nan. Jan akwatin ƙa'ida na bar maka shi, don kada ka koma gida hannu rabbana, amma da siririn baƙin layi, ba inuwa, kan nasa kuma baƙi a kan fari, da Ƙ ɗinsa cikakke. Misalai a sake su su sha iska, siririn layi ɗaya a gefen hagu ya ishe su, shi ba ruwansa da inda shafi ya ƙare. Lamba 5 a yi belinta yau. "Lura" kuwa, in abin lura ne da gaske ka faɗe shi a cikin bayani, in ba shi ba ne ka goge. Launi ɗaya za mu buga, faranti ɗaya, littafin ya sauko farashin da uba zai iya saya wa ɗansa ba sai ya sayar da akuya ba. Zoben ganyen lambar shafi kuma kada in sake jin labarinsa.

Ka gyara ka kawo da ƙafarka, kada ka aiko direba ya tsaya a Kwanar Dangora yana kirana wai mota ta lalace. Ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka danne, ga Muharram na sake tahowa, kuma bawa ba ya tara wa ubangidansa bashi biyu. Bangon littafin kuwa, wanda ka ce kana nan kana ƙawata shi, dakata haka nan. Ni zan yi.